Karen Bana da Ubangidan Bana

A hutun da ya wuce na je gida Kirikasamma, na tarar ana jimamin wani yaro ɗan maƙwabtanmu da kare ya ciza a ƙauri yana dawowa daga makarantar allo. Sai da aka kai shi Haɗeja aka fara yi masa allura. Da daddare a dandali wani dattijo ya yanke hukunci cewa karnukan yanzu ba su da tarbiyya, ba kamar na da ba. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, amma maganar ta bi ni har makwanci.

Na tuna Duna, baƙin karen baffana, wanda muka sani muna yara. Fito ɗaya ake yi masa ya taso, tsawa ɗaya ya tsaya cak. Ya san ɗan gida, ya san baƙo, kuma bai taɓa bin kajin gida ba. Babu wanda ya kai shi makarantar horo. Tun yana kwikwiyo yake bin baffa fadama, yana ganin yadda manyan karnuka ke tayar da zomo da gafiya, da yadda suke dawowa in an kira su. Aiki ne ya hore shi, tare da zama da ubangidansa daga asuba zuwa magariba.

Wannan horo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, malaman fiƙihu kuma suka bayyana alamar horon: in an aika ta ta tafi, in an tsawata mata ta tsaya. Saboda haka mafarauci na da dalili na addini da na tukunya da zai sa ya hori karensa.

To, ina aikin yake a yau? Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja ta sauya hali. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki sun cinye daji, namun dawa sun ja baya. Dajin Baturiya da ke cikin ƙaramar hukumarmu wuri ne da doka ta keɓe, har ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Farauta ta ragu, tsofaffin mafarauta suna ƙarewa, samari sun tafi ci-rani. Kare ya rage a gari ba sana'a, yana kiwon kansa a juji.

A birane kuma wata matsalar ce. A unguwar da nake zaune, mutum zai sayi katon karen waje da kuɗi masu yawa saboda tsoron ɓarayi, ya kulle shi a keji yini guda, ya sake shi da dare. Masana halayyar dabbobi sun nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 da haihuwa ne kwikwiyo ke sabawa da mutane. Wanda ya wuce wannan lokaci a ɗaure, bai ga yaro ba bai ga tunkiya ba, zai tashi da tsoro, tsoro kuwa shi ne mafarin cizo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai mu yi wa tarihi adalci. A da ma akwai mugayen karnuka, amma ba a barinsu su daɗe. Wanda ya ci kaza ko ya ciji yaro, mai unguwa na jin labari an gama da shi. Irin su Duna ne suka tsufa a gabanmu, shi ya sa su kaɗai muke tunawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana da wuya a tsira. Duk wanda aka ciza a wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiran magani na gida. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin rigakafin karnuka. Ya kamata ƙananan hukumomi da masu unguwanni su san mai kare a kowace unguwa, su tilasta masa yin allurar.

Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Zomon ya yi nisa, karen kuwa yana nan tare da 'ya'yanmu. Wanda ba shi da lokacin zama da kare, ba shi da aikin da zai ba shi, ya haƙura da ajiye shi. Yaron maƙwabtanmu ya warke, alhamdu lillahi, amma har na baro gari ba a san mai karen ba.