Me Ɗiyar Gusau Za Ta Je Yi a Bakin Teku?



Wata 'yar'uwa a zumuntarmu, ɗalibar kimiyyar halittu, ta samu gurbin yin dogon hutunta a Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya da ke Victoria Island a Legas, wadda aka kafa a 1975. Da mahaifinta ya zo wurina, tambayarsa ɗaya ce: "Fasto, mu da ko rafi sai damina, me za ta je nema a teku?" Na ce masa ya bar ta ta tafi. Ina so in faɗa maku dalilina, domin gobe wani cikinku ne zai tsaya a wannan mararraba.

Da farko, tekun bai yi mana nisa yadda muke zato ba. Gulbin Sakkwato yana tasowa daga wajejen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, ya cika madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya gangara ta Argungu har ya faɗa Kogin Kwara. Kwara kuwa a Tekun Atilantika yake ƙarewa. Abin da Mai-Wa'azi 1:7 ya lura da shi ke nan tun tuni. Ledar da aka jefa a kwata a Gusau, da maganin feshin da ruwan sama ya wanke daga gona, hanyar da suka kama ke nan.

Na biyu, a duba aikin da za ta koya. Ba yawon buɗe ido ba ne. Ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a yini, don haka shi ke tsara wa mai bincike lokacin fita, ko da asubahin fari ne. Za ta ɗebi ruwa a kwalba, ta rubuta wuri da lokaci, ta auna gishirinsa, wanda a tsakiyar teku yakan kai kusan giram 35 a kowace lita, ta auna iskar da kifi ke shaƙa a ciki, ta gwada laka ko akwai guba. Gobe ta sake, jibi ta sake.

Wanda yake ganin wannan wasa ne, ya tuna da 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum yara suka riƙa suma suna mutuwa, ana zaton zazzaɓi ne. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka gwada jini, aka kuma gwada ƙasar tsakar gidaje, sannan aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida. Yara aƙalla 400 suka rasu. Hannun da ya iya gwada lakar Legas, shi ne zai iya gwada rijiyar Tsafe. Jiharmu tana da ƙishin irin waɗannan hannaye.

Ban raina tsoron iyaye ba. Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe a 'yan shekarun nan ya san ba a shiga mota sai da addu'a. Kuɗin mota da masauki a Legas ba ƙaramin abu ba ne, kuma uwa tana da haƙƙin tambayar inda ɗiyarta za ta kwana. Amma maganin tsoro shiri ne, ba kulle ƙofa ba. In muka hana kowane yaro fita saboda hanya, masu tare hanya sun ƙwace mana abin da ya fi kuɗin fansa.

Akwai kuma masu cewa za ta rasa taron matasa na hutu, wai ta zaɓi boko ta bar aikin Allah. A nan ne na fi saɓa wa wasu 'yan'uwa. Aikin farko da aka ba mutum a Farawa 2:15 shi ne kula da gona. Littafin 1 Sarakuna 4:33 ma, da yake lissafa hikimar Sulemanu, har da sanin itatuwa da tsuntsaye da kifaye ya ƙirga. Ɗalibin da ya rubuta ainihin abin da ma'auni ya nuna, ba abin da malaminsa yake so ya gani ba, alhali babu mai kallonsa, yana aikata gaskiyar da muke wa'azinta ran Lahadi.

Saboda haka ga roƙona. Mu sallame ta yadda muke sallamar mai bishara. Zumunta ta haɗa gudunmawar kuɗin mota. Dattawa su rubuta wa wata ikilisiya mai sujada da Hausa a Legas, domin ta samu iyayen riƙo. A sa mutum biyu su riƙa kiranta kowane mako. In ta dawo, a ba ta maraice guda ta nuna mana yadda ake gwada ruwa, mu fara da rijiyar harabar coci.

Ke kuma ɗiyata, ki riƙe littafin aikinki da gaskiya, ki dawo mana da abin da kika koya. Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Amin.