Lissafin Wayar da Kai kan Ciwon Suga a Bagudo

Duk ranar 14 ga Nuwamba ana bikin Ranar Ciwon Suga ta Duniya. A yi taro, a raba takardu, a gwada jinin jama'a kyauta. Alkawarin kullum ɗaya ne: idan mutane suka waye, cutar za ta yi sauƙi. Mu ɗauki alƙalami mu auna wannan alkawari a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, tunda daga aljihunmu ake sayen maganin.

A 2002 mujallar Diabetes Care ta buga nazarin da ya tattara bincike 31 kan koyar da manya masu nau'i na biyu na cutar. Ma'auninsu HbA1c ne, gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku. Da kammala darasi, ya sauka da maki 0.76. Bayan wata huɗu, saura 0.26. Kashi biyu cikin uku na ribar ya tafi ke nan. Nazarin ya kuma nuna cewa saukar maki ɗaya cur tana cin kusan awa 24 ta zama da mai koyarwa. A ce taronmu awa uku ne. Sai an maimaita shi sau takwas, kuma da waɗannan mutanen dai.

Sai yara. A Birtaniya an gwada shirin KICk-OFF, darasin kwana biyar ga 'yan shekara 11 zuwa 16 masu nau'i na ɗaya. Sakamakon ya fito a 2016. Bayan shekara biyu, a jimlace babu bambancin HbA1c tsakanin waɗanda suka yi darasin da waɗanda ba su yi ba. Masu sugan da ya fi hawa tun farko su ne suka ɗan amfana. Can kuwa kyauta ake ba su insulin, ga firij, ga wuta.

Yanzu mu dawo gida. Ga yaro a Illo, kilo 30, jikinsa ya daina yin insulin. Mu ce yana bukatar yunit 25 a rana. Kwalba mai yunit 1,000 za ta kai shi kwana 40 a takarda, amma da zarar an huda ta, mako huɗu aka ƙayyade mata. Kwalba 13 ke nan a shekara. Allura sau biyu a rana, sau 730. Gwajin yatsa sau huɗu a rana, tsinke 1,460, wato gwangwani 30 mai tsinke hamsin-hamsin. Ganin likita duk wata uku. Idan asibitin kusa ba ya gwajin HbA1c, sai Birnin Kebbi: yaro da babansa, zuwa da dawowa, sau huɗu, kujerar mota 16. Mai karatu ya tambayi farashin yau a kemis da tasha ya ninka da kansa. Sannan ya ajiye jimlar kusa da naira 75,000, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024. Manomin shinkafa da masunci a bakin Kwara ko wannan albashin ba su da shi.

Insulin daga waje ake shigo da shi. Tun da darajar naira ta faɗi a Yunin 2023, kuɗinsa ya bi dala. A tsallaka iyaka ta Tsamiya zuwa Segbana a nemo, da sefa za a biya, ita ma ta yi wa naira nisa. Uban da aka koya wa adadin allura daidai, amma kuɗinsa na rabin kwalba ne, zai rage wa yaron awo don maganin ya kai ƙarshen wata. Ba jahilci ya sa shi ba.

Akwai kuma harshe. A yankin Bagudo ana jin Hausa, Fulatanci, Dandanci, Busanci da Kyanganci. Takardar Turanci mutum nawa za ta isar wa?

Duk da haka akwai darasin da ya biya kuɗinsa. Kwalbar da ba a huda ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. A 2021 masana daga Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka nuna cewa wadda ake amfani da ita tana jure zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37 har mako huɗu. Zafin Afrilu a nan yana wuce 40. To, a nuna wa uwa ta saka kwalbar a roba mai murfi, ta binne a jiƙaƙƙen yashi gindin randa, cikin inuwa. A nuna wa malamin makaranta cewa yaron da ya fara gumi da karkarwa sugansa ne ya faɗi, a jiƙa masa sukari ya sha nan take. A nuna wa ma'aikacin ɗakin shan magani cewa yaro mai yawan fitsari da ƙishirwa da rama, wanda kiyashi ke bin fitsarinsa, a huda yatsarsa kafin a ɗora shi kan maganin zazzaɓin cizon sauro. Wannan na ƙarshe na'urar gwaji ɗaya yake bukata, da tsinken da kwanansa bai ƙare ba.

Duk mai neman kuɗin taro na gaba, ya fara kawo alƙaluma uku na taron bara: mutum nawa aka sake gani bayan wata shida, nawa sugansu ya sauka, yaro nawa ne bai kwana ko sau ɗaya babu insulin ba.