Kafin a Sayi Sola, a Fara Sayen Littafin Lissafi

Tambayi mai shago a Maigatari nawa ya saro katan ɗin lemo, zai gaya maka har da kuɗin dako. Tambaye shi nawa inji da firiza suka ci masa a watan jiya, sai ya ce, "Wallahi ana dai shan wuya." Wannan amsa ita ce ke cinye jarin ƙananan 'yan kasuwarmu. Kuɗin da ba a rubuta shi, ba a iya rage shi.

Tsadar gaskiya ce. Kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mu na bakin iyaka mun riga kowa ɗanɗana, tun Nuwamban 2019 da hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, aka bar mu da 'yan bumburutu. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato rukunin da ya fi tsada, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar, Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Duk wannan ya fi ƙarfin mai aski a Gumel ko mai cajin waya a Sule Tankarkar. Abin da ke cikin shagonsa kuwa yana hannunsa.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Ƙaramin janareta bai cika ba da wutar da ta wuce yunit 2 daga lita guda ba. In lita tana naira 1,000, kowane yunit ya tsaya maka aƙalla naira 500, ban da baƙin mai da kuɗin bakanike. Ke nan wutar inji ta ninka wutar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO mafi tsada. Duk abin da ka jona a inji, da wannan farashi yake sha.

Ɗauki ƙwan fitila. Tsohon ƙwai mai wat 60, in yana kunne awa 12 kullum, yakan ci yunit 21 da ɗoriya a wata. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan iri ɗaya, bai wuce yunit 3 da ɗan kaɗan ba. Shagon da ke da ƙwai biyar ya lissafa da kansa.

Babban maciyi dai firiza ne. Leƙa rumfunan masu ƙanƙara da ruwan leda a watan Afrilu: firiza na jingine da bangon kwano da rana ta gasa, bayanta ya toshe da ƙura, robar murfin ta saki har an ɗora mata bulo, yaron shago kuma yana buɗewa duk lokacin da aka zo sayen leda ɗaya. Injinta ba ya hutawa. Gyaran ba ya buƙatar rance. A janye ta daga bango, a yi mata inuwa, a share bayanta, a canza roba, a riƙa kwaso kayan sayarwa zuwa kula don kada a yi ta buɗe ta. Kayan da suka sha rana a mota, a bari su huce kafin a zuba.

Akwai kuma ɓarnar da ta zama tamu ta musamman. Kasuwancin Maigatari a kan Alhamis yake tsaye, ranar da fatake ke shigowa da shanu da raƙuma daga Nijar, dillalan riɗi da zoɓorodo suka cika gari. Sai mutum ya sayi babban inji daidai da hidimar Alhamis, ya kuma riƙa tayar da shi ran Lahadi don fanka ɗaya da na'urar POS. Inji yana shan mai ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba. Ranakun da ba ciniki, ƙaramin batir da faranti ɗaya na sola sun wadatar. Mai niƙa da mai walda su ma su tara aiki su yi a tashi ɗaya, maimakon kunnawa da kashewa yini guda.

Sai bayan an toshe waɗannan ƙofofi ake maganar sola, domin zuba ruwa a tulu mai yoyo wahala ce. Wanda ya rage abin da yake ci zai sayi faranti da batir daidai buƙatarsa, ba abin da mai sayarwa ya ga dama ba. Rana ba ta yi mana rowa a nan, amma ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti sosai in ba a goge shi, batir kuma zafi da yawan zuƙewa har ƙasa ne ke kashe shi. Wanda ke kan layin KEDCO ya nemi mita mai kati, ya fita daga bil ɗin ƙiyasi.

Za a ce jari ne babu. Haka ne, shi ya sa nake ganin zaman kowa da injinsa bai kamace mu ba. Shaguna goma a layi ɗaya da injuna goma asara ce da hayaƙi. A 2018 Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ta haɗa kai da 'yan kasuwa masu zaman kansu aka fara ba shagunan Kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar sola, kowa yana biyan abin da ya sha. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Maigatari, Gumel da Gagarawa na iya kai wa gwamnatin Jihar Jigawa ta Malam Umar Namadi irin wannan buƙata, amma su je da alƙaluma: shago nawa, yunit nawa, nawa ake kashewa a mai. Mai zuba jari ba ya kawo kuɗinsa a kan koke.

Saboda haka, ranka ya daɗe, daga wannan mako ka sa yaron shago ya riƙa rubuta litar da aka saya da awannin da inji ya yi. Bayan wata guda, ka ɗora jimillar kusa da ribarka, sannan ka yanke shawarar abin da za ka fara kashewa.