Hanci ba alkotes ba ne

Jama'a, mu faɗa ma juna gaskiya. In an tsai da direba a baraj da dare, tsakanin Konni da Maraɗi, ana zargin ya sha, mi ya kamata a yi? A miƙa mishi alkotes da sabon bakin busawa, ya busa, a gwada mishi lambar da ta fito. In ta wuce ƙa'ida a sauke shi, a rubuta, in akwai amand a ba shi kitansi. Abin da muka ƙi shi ne a shinshina bakin mutum, a riƙe permi da kartgiris har sai jikka biyu ta fito. Wanda bai sha ba an zalunce shi. Wanda ya sha kuwa ya sayi hanya, ga fasinja 19 a bayanshi.

Ku kuma direbobi, ƙin busawa ba wayo ba ne. Goro da kafe ba su fidda giya daga jini, aikin hanta ne, awowi yake ɗauka. Sai dai alkotes ba ta ganin tramol da ya cika tashoshinmu. Wannan sai an auna jini ko fitsari gidan likita.