Gudumar Inji da Maƙerin Garinmu

Duk wanda bakin garmarsa ya taɓa karyewa ana tsakiyar huɗa, ga ruwa ya sauka, ga shanu a tsaye, ya san darajar ƙarfe mai kyau. Shi ya sa muke so mu yi magana a kan guduma.

A Turai an ƙera gudumomi waɗanda ba hannun mutum ke ɗaga su ba. A 1842 wani injiniya mai suna James Nasmyth ya yi rajistar wata guduma a Ingila, wadda tururi ke ɗagawa, a sake ta ta faɗa kan jan ƙarfe. A 1877 aka kafa wata a garin Le Creusot na Faransa, nauyin kanta kaɗai tan 100 ne, ta yi aiki har 1930. Da irinsu aka ƙera manyan sassan jiragen ruwa da na ƙasa.

Me ya sa suka sha wannan wahala? Domin ƙarfen da aka buga da zafinsa yakan haɗe, ƙananan ramukan cikinsa su toshe, ya yi ƙwari. Ƙarfen zubi kuwa yana da tauri, amma in ya ci karo da dutse sai ya tsage, kuma ba ya ƙeruwa. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da tan 100 ke yi a Faransa, shi maƙerin garinmu ke yi da masaba da zugazugi, sai dai shi ƙarfinsa na mutum ɗaya ne.

To, ga ra'ayinmu. Na farko, in ƙungiya za ta sayi garmar shanu, a tambaya ko bakinta bugagge ne ko na zubi. Bugagge in ya dakushe, maƙeri zai zuga shi ya fitar da kaifinsa. Na zubi in ya karye, sai sayen sabo, watakila a birni, damina kuwa ba ta jira.

Na biyu, kada mu raina maƙerinmu don mun ji labarin manyan injuna. Ba ma bukatar tan 100. Akwai ƙananan gudumomin inji da ke aiki da lantarki ko injin dizal, masu rage wa maƙeri aikin dukan tsohon sifirin na mota. Ƙungiyoyi biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su ba amintaccen maƙeri rance, ya biya da aiki. Amma a fara lissafin mai da gyara, a tabbata akwai isasshen aiki, a kuma tanadi abin toshe kunne, gama ƙarar tana kurmantarwa.

'Yan'uwa, a kawo wannan magana a taro tun da rani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar huɗa ma ba a neman maƙeri.