Abin da Nijar ta bari, da abin da ta riƙe

A ranar 29 ga Janairun 2025 ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Masharhanta da dama sun ɗauki ranar tamkar jana'izar burin haɗa kan Afirka a siyasance, burin da Kwame Nkrumah ya kai Addis Ababa a 1963, takwarorinsa suka ƙi. Ni kuwa abin da ya ja hankalina shi ne inda ƙasashen uku suka ci gaba da zama.

Ba su fita daga UEMOA ba. Sefa suke kashewa, babban bankinsu yana Dakar, duk da cewa sun sallami dakarun Faransa. ECOWAS ma ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da kayansu. Dalilin a fili yake: barin taron shugabanni bai taɓa tukunyar ɗan kasuwar Maraɗi ba, amma sauya kuɗi ko rufe iyaka na taɓa ta. An ga haka bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki ta rufe iyaka. Mutanen Ƙonni da na Illela suka sha wuya tare, har aka janye takunkumin a Fabrairun 2024.

Turai ma ta ga irinsa. A Yulin 2015 Girkawa suka kaɗa ƙuri'ar ƙin sharuɗɗan masu ba su bashi, mako guda bayan nan gwamnatinsu ta karɓi sharuɗɗan don kada ta rasa yuro. Birtaniya, wadda ba ta taɓa barin fam ɗinta ba, ita ce ta fice.

A nan ne nake ganin raunin Tarayyar Afirka: ta tara hukumomi, amma igiyar da ke ɗaure talaka da ita siririya ce. Majalisarta da aka kafa a 2004 shawara kawai take bayarwa. Hedikwatarta Sin ce ta gina. Harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan kayan shigowa, wanda aka amince da shi a Kigali a 2016 domin ta ciyar da kanta, mambobi da yawa ba su aiwatar ba.

Saboda haka makomar haɗewar siyasa ta rataya a kan yarjejeniyar ciniki ta AfCFTA da 'yancin zirga-zirga, kuma a nan ma abin ba daɗi. Shugaba Buhari ya sa hannu a AfCFTA a Yamai cikin Yulin 2019, a Agusta ya rufe iyakokin ƙasa. Yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ta 2018 kuwa tana buƙatar amincewar ƙasashe 15 kafin ta fara aiki. Shekaru suka wuce huɗu kacal suka amince, biyu daga cikinsu Mali da Nijar.