Kafin ka sayi laftof ta buga gem a Gaya ko Ajingi, ina wutar da za ta ci?

Yau maganarmu a kan kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta buga gem, irin wadda samari ke mafarki, mai fanka biyu da kibod mai canza launi. Ra'ayina zan faɗa, kuma na san ba kowa zai yi wa daɗi ba. Idan a Gaya kake zaune, ko Ajingi, ko ƙauyukan da ke kewaye, kada ka juye duk kuɗinka a kan laftof ɗin ita kaɗai. Ka sauko mataki ɗaya daga wadda ranka ke so, ragowar kuɗin ka tanadi wuta da shi.

Ga abin da ya sa nake faɗin haka. Akwai ɗan baffana da ke karatu a jami'ar Wudil. Damina biyu yana noman riɗi yana tarawa, mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta ta cika masa, don ya ce mata aikin makaranta zai yi da ita. Ba ƙarya ya yi ba, yana zane da ita, amma ni da shi mun san gem ma na cikin lissafi. Ya shiga birni ya dawo da zabgegiyar laftof, cajarta kamar bulon ƙasa, an rubuta wat 230 a jiki. Da aka yi hutu ya koma gida. Solar gidansu fanel ɗaya ne da batir ɗaya da 'yar ƙaramar inbata, ta kunna ƙwai da fanka da cajin waya. Yana jona ta ya buɗe gem, inbata ta yi kuka ta ɗauke. Ya kai wa mai cajin waya na bakin kasuwa. Ranar farko ya karɓa, rana ta biyu ya ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, wannan abar taka ta fi waya ashirin ci."

Kuma wallahi gaskiya mai cajin ya faɗa. Ƙaramar cajar waya wat 10 ce ko kusa da haka. Laftof ta ofis wat 45 ko 65. Ta gem kuwa yawanci daga wajen wat 135 take farawa, manyan su kai 280, wasu har 330. Idan kana tunanin batirinta zai cece ka, ka cire wannan a ranka. Kamfanoni ba sa sa batirin da ya kai 100Wh saboda dokar shiga jirgin sama, shi ya sa za ka ga manyan an rubuta 99Wh, masu matsakaicin kuɗi kuma 50 zuwa 60 ne kawai. Da zarar ka zare caja, ita da kanta take rage ƙarfinta, gem ya fara tsinkewa, cikin awa ɗaya ko ɗaya da rabi ta mutu.

To mu yi lissafi irin na kasuwa. Batirin sola mai 12V 100Ah yana ɗaukar 1,200Wh a rubuce. Idan na ruwa ne, ba a son ka sha fiye da rabinsa in kana son ya yi ƙarko, saura 600 ke nan. Inbata ma tana cin nata kaso. Laftof mai jan wat 200 lokacin gem, awa biyu da rabi za ta yi maka ta cinye shi, fankar ɗaki ba ta samu komai ba, wayar Hajiya ba ta samu caji ba. Amma wadda ke jan wat 100, a kan wannan batirin dai, za ta ba ka kusan awa biyar. Ka ga bambancin.

Wani zai ce ai akwai wutar KEDCO. Akwai, amma kowa ya san yadda take zuwa a unguwarsu, ba sai na faɗa masa ba. Kuma mun ga abin da ya faru a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, aka yi sama da mako guda cikin duhu, har cikin birnin Kano. Inji kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kunna shi don buga gem ya zama sai mai hali. Ƙaramin injin Tiger zai iya ɗaukar laftof ɗin, matsalarsa wutarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ka duba jikin cajarka, za ka ga an rubuta 100-240V, wato raguwar wuta ba ta cika damunta ba, sai in ta sauka ƙasa da 100. Abin da ke ƙone caja shi ne wutar da ta zo da ƙarfi bagatatan. Saboda haka soket mai kariya daga tashin wuta ya fi maka amfani a kan katuwar sitabilaiza. Idan inbata za ka saya, ka nemi wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta, kuma ƙarfinta ya ninka na cajarka aƙalla sau biyu.

Yanzu wacce za a saya? A nan ne ake yi wa mutanenmu rufa-ido da sitika. Kana shiga shago za a ce maka "Core i7 ce, ba ta da sa'a." I7 suna ne kawai, kamar a ce maka mota Toyota ce ba a faɗa maka shekararta ba. Ka karanta lambar da ke gaba. I7-4700 ta wajajen 2013 ce, i5-12450H ta 2022 ce, kuma wannan i5 ɗin za ta yi wa waccan i7 fintinkau. Ƙari a kan haka, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida sai Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Duk abin da ya gaza haka, ka bar masa kayansa.

Amma a harkar gem ba furosesa ce sarauniya ba. Katin hoto ne, wanda 'yan kasuwa ke cewa girafik. Idan abin da ke ciki Intel UHD ne ko Iris Xe shi kaɗai, wannan ba laftof ta gem ba ce, ko da kibod ɗinta na walƙiya kamar fitilar biki. Ka nemi NVIDIA ko AMD Radeon mai ƙwaƙwalwar kansa. GTX 1650 mai 4GB ya tsufa, tun 2019 yake, amma har yanzu yana buga GTA V da eFootball lafiya lau. RTX 3050 ya ɗan ɗara shi. Ni a ganina, mutumin Gaya ko Ajingi ya tsaya tsakanin RTX 4050 mai 6GB da RTX 4060 mai 8GB. Daga nan zuwa sama, kuɗi kake biya na ƙarfin da ba ka da wutar da za ka fito da shi.

Akwai wani abu da masu sayarwa da yawa su ma ba su sani ba. Laftof biyu za su iya ɗaukar RTX 4060 iri ɗaya, amma kamfani ya ba ɗaya wat 45, ɗayar ya sake mata har sama da 100. Turawan da ke gwaji a YouTube kullum mai babban wat suke yabo, don su ba a ɗauke musu wuta, ɗakinsu kuma da na'urar sanyaya iska. Mu a nan, mai matsakaicin wat ba aibi ba ce. Haka ma fuska: 1920 x 1080 ta ishe ka. Mai 2K ko 4K tana ƙara wa katin hoto aiki, ta ƙara zafi, ta ƙara cin wuta. RAM ya zama 16GB, kuma gara guda biyu masu 8GB a kan ɗaya mai 16GB, don sun fi sauri. SSD kada ta gaza 512GB, tunda EA Sports FC 24 kaɗai wurin 100GB yake nema. In ka samu wadda ke karɓar caji ta USB-C, ka riƙe ta da kyau, don ranar da ba wuta za ka iya yin aikin makaranta da ƙaramar caja ko babban fawa-bank, ko da yake ba za ta buga gem mai nauyi a haka ba.

Na san hujjar masu cewa a sayi mafi ƙarfi: wai za ta daɗe ba ta tsufa ba. A wani wurin haka ne. A nan kuwa zafi da ƙura ne ke yanke shekarun laftof, ba fitowar sabon gem ba. A watan Afrilu zafin rana kan kai digiri 40 a ƙasar Kano, ɗakin kwano kuma ba sai an faɗa ba. Furosesa idan ta kusa digiri 95 zuwa 100, da kanta take ja da baya don kada ta ƙone. Ka ga ka biya kuɗin doki, tafiyar jaki kake samu. Hunturu ya zo ya cika fanka da ƙura. Katin hoton laftof kuma a liƙe yake da allon ciki, ba a cire shi a sa wani kamar na kwamfutar tebur. In ya lalace, sai ka hau mota ta Wudil zuwa birni, wani lokacin ma a ce sai an nemo allon daga Legas. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, laftof ta dala 1,000 ta zama ta miliyan ɗaya da rabi. Wannan ba kuɗin da za a yi wa gwaji ba ne.

Bari in ɗan kauce kaɗan. Idan gaskiyar magana ƙwallo kawai kake son bugawa kai da abokanka, ka sayi PS4 ta hannu da talabijin, ka huta. Laftof ta gem tana da ma'ana ne ga wanda zai haɗa da wani aiki, kamar tace bidiyo, ko zanen gini da AutoCAD, ko karatun kwamfuta.

Ranar da za ka je saye, Beirut Road ne ko Farm Centre, ka tafi da wanda ya sani, kuma kada ka yarda da gaggawa. Mafi yawan abin da aljihunmu ke iya ɗauka ta hannu ce, wadda ake cewa 'yar Landan, don haka gwaji dole ne. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, shiga Performance, ka ga sunan furosesa da katin hoto da idonka, ba abin da ke jikin sitika ba. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa yanzu. CrystalDiskInfo zai gaya maka lafiyar SSD da awannin da ta yi tana aiki. Shiga BIOS ka tabbatar ba a kulle shi da fasuwod ba. Sannan abu mafi muhimmanci, ka sa a buɗe gem mai nauyi ya yi minti 20 zuwa 30, kana kallon zafinta a HWMonitor. Laftof mai ciwo minti biyar na farko lafiya ƙalau take. Ka saurari fankokin biyu, ka tabbatar cajar ta asali ce kuma wat ɗinta ya yi daidai da wanda kamfani ya rubuta. A rubuta maka rasit da lambar jikinta da kwanakin da za ka iya mayarwa. Wanda ya ƙi yarda a gwada, ka yi masa sallama, shaguna ba su ƙare ba.

Ka zo da ita gida, abu na farko ka taƙaita cajin batir, tunda kullum a jone za ta zauna. A Lenovo Legion da LOQ, shiga Lenovo Vantage ka kunna Conservation Mode. A ASUS TUF da ROG akwai wurin tsayar da caji a kashi 80. Sauran ka duba manhajar kamfanin ko cikin BIOS. Na biyu, ka ƙayyade gudun hoto. Shiga NVIDIA Control Panel, Manage 3D settings, ka sa Max Frame Rate a 60. Wannan saitin shi kaɗai yana rage zafi da cin wuta sosai, don in ka bar ta za ta yi ta ƙoƙarin fitar da hoto 140 a daƙiƙa alhali ƙwallo ba ta buƙatar haka. Ka bar ta a Balanced, Turbo sai ranar da wuta ta zauna da daddare. Cikin gem ɗin, ka sauke inuwa zuwa Medium, ka kunna DLSS in katinka RTX ne kuma gem ɗin yana da shi.

Sai data, wadda ita ma wani rami ce. Kafin ka jona ta da hotsifot ɗin wayarka, shiga Settings, Network & internet, ka kunna Metered connection, in ba haka ba Windows zai shanye maka datar wata a dare ɗaya da sunan sabuntawa. A Steam ma ka saita gem ya riƙa sabuntawa sai lokacin da ka buɗe shi. Manyan gem kuwa, ka sauke su inda ake da intanet mai ƙarfi kafin ka baro birni.

Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, ta ƙasa take shaƙar iska. Ka sa ta a tebur, ka ɗaga bayanta da ɗan katako ko littafi. Ka gama aiki ka rufe ta ka sa a jaka, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Bayan kowane hunturu a buɗe ta a share fanka, in zafin bai sauka ba a canza mata man sanyaya furosesa wurin wanda ya iya.

Shi dai ɗan baffan nawa, mun sa masa 60 ɗin nan, mun mayar da ita Balanced, inbatar ta daina kuka matuƙar ba a kunna fankar ɗaki tare ba. Batir na biyu kuma ya ce sai an sayar da riɗin bana.